Yadda Ake Bin Haƙƙi Idan An Sallame Ka Daga Aiki Ba A Biya Ka Ba

Yawancin waɗanda na ga sun sha ƙasa a irin wannan rigima suna da gaskiya, takarda ce ba su da ita. Wanda ya kai ƙara shi ke kawo hujja, alƙali kuwa bai san ranar da ka fara aiki ba sai ka nuna masa.

Don haka fara da tattara hujja, tun kafin a rufe maka ƙofa: takardar ɗaukar aiki, takardun albashi, bayanan asusun banki da ke nuna watan da kuɗi ya daina shiga, da takardar sallamar kanta. Saƙon waya inda maigidanka ya ce ka yi haƙuri zuwa ƙarshen wata, kada ka goge shi, amsa bashi ne da bakinsa. Imel ɗin ofis sau da yawa ranar sallama ake toshe shi. Amma abin da ya shafe ka kaɗai za ka ɗauka. Ka kwashi sirrin kamfani, kai za a koma tuhuma.

Sai maganar sa hannu, inda aka fi kayar da mutane. Za a kira ka ofis, a miƙo maka wani abu daga cikin kuɗin tare da takarda, a ce shaidar karɓa ce kawai. Karanta ta har ƙasa. Idan akwai layin da ya ce wannan ne cikakken biya kuma ba ka bin su komai, to ana so ka yafe sauran ne. Haka idan aka ce ka rubuta takardar ajiye aiki da hannunka wai don kada sunanka ya ɓaci: wanda ya ajiye aiki da kansa, da wuya ya zo daga baya ya ce korarsa aka yi. Ni dai dokata ita ce ba a sa hannu a ranar. Ka nemi kwafi, ka tafi da shi gida, ka nuna wa lauya ko wakilin ƙungiyar ƙwadago. Kuɗin ganin lauya sau ɗaya bai kai abin da layi guda zai cinye maka ba. In sun ƙi ba ka kwafin, ka san da walakin.

Daga nan yi lissafi dalla-dalla: albashin da ya maƙale, kuɗin hutun da ba ka ci ba, da kuɗin madadin sanarwar sallama idan yarjejeniyarku ta tanada. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1949 kan kare albashi ta ce a kammala biyan ma'aikaci idan aiki ya ƙare, sai dai dokar ƙasarka ce kotu za ta duba.

Rubuta wasiƙar neman biya, gajeriya, ba zagi. Adadin kuɗi, dalili, da ranar da ka ba su. Ajiye kwafi da shaidar cewa sun karɓa.

Idan suka yi shiru, kai koke ofishin ƙwadago a gwada sulhu, ya fi araha. Ya ƙi, sai kotun da ke da hurumi. Binciki wa'adin shigar da ƙara tun yau, don a wasu ƙasashe watanni kaɗan ne, in ya wuce shi ke nan. Kuma rubuta sunan kamfanin yadda yake a rajista, ba sunan manajan da ya kore ka ba.