Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa tiransimita mai bawul da daidaita ta

Mai sha'awar rediyo da ya haɗa tiransimita, wato na'urar aika sigina, da hannunsa, ya sa mata bawul (kwalbar lantarki mai ƙarfafa sigina) irin 807 ko 6146, yakan tarar ranar gwaji cewa na'urar tana fitar da sigina da kanta alhali bai taɓa maɓallin aika saƙo ba. Dalilin yana cikin ƙirar bawul ɗin: farantinsa, inda sigina ke fita, da girid ɗinsa, inda take shiga, suna aiki tamkar ɗan ƙaramin kafasita (ƙarfe biyu da ke kusa ba su taɓa juna, waɗanda sigina ke iya ratsawa), kusan 0.2 pF a cikin 807, kuma ta wannan kafa wani ɓangare na siginar da aka riga aka ƙarfafa yake komawa mashiga. Maganin, wanda Louis Hazeltine ya shahara da shi a Amurka a farkon shekarun 1920, shi ne a ɗebo wata sigina daidai girman mai komowar amma kishiyarta, a kai ta girid ta wani ƙaramin kafasita mai juyawa domin su kashe juna. Wannan aikin ake kira daidaita bawul.

Kuskuren farko shi ne ɗauka cewa tun da 807 da 6146 suna da girid na biyu, wato sikirin, ba sa bukatar daidaitawa. Sikirin yana rage komowar sigina ƙwarai, kuma na'urar tana iya zama lafiya a zangon mita 80, amma da zarar an hau mita 15 ko mita 10, waɗanda suka fi shi yawan MHz, sai rigima ta tashi, domin ƙaramin kafasita yana ƙara ba sigina hanya ne gwargwadon yadda aka hau sama. Saboda haka a zango mafi sama da na'urar ke aiki ake daidaitawa, kuma wanda ya yi a 3.5 MHz, wato zangon mita 80, ya rufe murfi bai gama aiki ba.

Sai dai mafi yawan abin da ake ɗora wa rashin daidaitawa, a ganina, laifin shimfiɗa kayan ne a kan shasi, wato ƙarfen da ake ɗora su a kai. Idan koyil (naɗaɗɗiyar waya) ɗin girid yana kallon koyil ɗin faranti, siginar za ta tsallaka ta iska, kuma babu juya kafasitan da zai hana ta. Ƙa'idar ita ce da'irar girid ta zauna a ƙarƙashin shasi, ta faranti a samansa, ƙarfen ya shiga tsakani. A soket ɗin 6146, ƙafa ta 1 da ta 4 da ta 6 duk na katod ne (ɓangaren da ke sakin lantarki a cikin bawul), ta 8 kuma ta zoben ƙarfen gindin bawul ce, kuma kowacce tana bukatar tata gajeriyar hanya zuwa shasi. Wanda ya haɗe su da doguwar waya ɗaya ya kai ta can gefe don kawai aikin ya yi kyan gani, ya ƙirƙiro koyil a inda ba a so. Haka kafasitan da ke sauke sikirin zuwa shasi, a liƙa shi a bakin ƙafa ta 3, a datse ƙafafunsa iya yadda za su datsu.

Akwai kuma wata cuta dabam da ake rikita ta da wannan, wato siginar banza da bawul ke haifarwa can sama da zangon aiki, wani lokaci fiye da 100 MHz, ta dalilin tsawon wayoyin faranti da na girid. Alamarta ita ce ma'aunin wutar da faranti ke ja ya riƙa tsalle ba tare da bin juyin kafasita ba. Daidaitawa ba ta warkar da ita. Maganinta rizista ta kabon mai 47 ohm zuwa 100 ohm, a naɗa mata waya zagaye huɗu ko biyar, a sa ta dab da hular bawul, inda wayar faranti ke haɗuwa. Rizista mai naɗaɗɗiyar waya a ciki ba ta yi, domin ita kanta koyil ce. Wannan ake fara magancewa kafin a taɓa kafasitan daidaitawa.

Wajen daidaitawar kanta, ana cire wutar faranti da ta sikirin gaba ɗaya, a bar filamen, wato wayar da ke ɗumama bawul, yana ci, a shigar da sigina daga matakin baya, wanda ke ba wannan bawul sigina. Cire ta faranti kaɗai a bar ta sikirin kuskure ne mai tsada, domin sikirin zai ja wutar da ta fi ƙarfinsa ya ƙone cikin ɗan lokaci. Daga nan a juya kafasitan faranti a hankali ana kallon ma'aunin girid: idan allurar ta motsa a daidai wurin da da'irar ta kama zango, akwai sauran aiki. A riƙa juya kafasitan daidaitawa kaɗan-kaɗan har allurar ta daina motsi, da sukudireba ta roba, domin ta ƙarfe tana sauya awon da zarar an janye ta. Idan an kai ƙarshen juyi ba a samu ba, kada a dage. A tsarin gada da aka san shi da sunan Warren Bruene na kamfanin Collins, girman kafasitan da ke ƙasan koyil ɗin girid ne ake sauyawa.

Shaidar cewa aiki ya yi tana zuwa bayan an mayar da wuta: wurin da ma'aunin faranti ya fi sauka ya zo daidai da wurin da ƙarfin da ke fita ya fi yawa. A yi wannan gwajin da murfi a rufe, a kan eriyar gwaji mai 50 ohm (rizistar da ke tsayawa a madadin eriya), ba a kan ƙwan lantarki ba, wanda awonsa ke sauyawa da zafinsa. Duk ranar da aka sauya bawul, ko da 6146B aka sa a madadin 6146, sai an sake daidaitawa.

Wasu suna dogara da rizistar girid kaɗai don samar da bayas (wutar girid da ke taƙaita abin da bawul ke ja), wanda ke nufin idan siginar baya ta yanke, bawul zai ja wuta har farantinsa ya yi ja. A tanadi bayas tsayayye. Mai aiki da tsohuwar taransifomar Amurka kuma ya tuna an yi ta ne don wuta mai 120 V da 60 Hz, alhali tamu a Najeriya da Nijar 220 V zuwa 230 V ce da 50 Hz, don haka ko an rage mata wutar za ta fi yin zafi. Ƙurar hunturu ma idan ta taru tsakanin faifan kafasita tana jawo tartsatsi.

Wutar faranti tana kaiwa 600 V zuwa 750 V, kuma manyan kafasitoci suna riƙe ta bayan an zare soket. Rizistar da aka sa don ta tsotse wannan wutar tana iya yankewa ba a sani ba. Kafin hannu ya shiga ciki, a taɓa kan kowane babban kafasita da hular bawul da sanda mai mariƙin roba wadda aka ɗaure wayarta a jikin shasi, sannan a tabbatar da ma'auni cewa babu sauran wuta.