Yadda ake saƙa sarƙar hannu da zobban jan ƙarfe

Duk wanda ya kalli hawan Sallah a Kano ko Katsina ya ga sulke a jikin wasu mahaya: ƙananan zobban ƙarfe ne aka sarƙe har suka zama riga. Da wannan dabarar ake yin sarƙar hannu da ta wuya, ba walda, ba wuta. Saƙar da za a bi a nan ita ce wadda masu sana'ar ke kira Bizantin, kuma ta dace da mai koyo domin kuskure ba ya ɓuya a cikinta.

Kayan aikin ba su da yawa: filaya biyu masu santsin baki, zarton maƙeran zinariya ko abin yanka waya mai kaifi, sandar ƙarfe mai santsi da za a naɗa waya a kai, samfefa mai laushi, sai wayar jan ƙarfe. Idan filayar mai haƙora ce, a naɗe bakinta da salatif, in ba haka ba duk zoben da ta kama sai ta bar masa tabo.

Wayar wutar lantarki mai sili ɗaya ta isa, a feɗe robar kawai. Amma lambar da ke jikinta ba kaurinta ba ne. Wadda aka rubuta wa 1.0 kaurinta wajen milimita 1.13 ne, ta 1.5 kuma wajen 1.38. A kankare ta da wuƙa tun a shago: idan cikin ya fito fari, alminiyom ne aka shafe da jan ƙarfe, a bar ta. Don tabbatar da kauri, a naɗa ta sau goma a matse a jikin ƙusa, a auna tsawon naɗin da rula, a raba gida goma.

Awon zobe shi ne ginshiƙin aikin. A raba faɗin ramin zobe da kaurin waya. Saƙar Bizantin tana son amsar ta tsaya kusa da 3.5. Kaurin sandar da aka naɗa waya a kai shi ne faɗin ramin zobe, don haka waya mai 1.13 tana tafiya da sanda mai milimita 4, mai 1.38 kuma da sanda mai milimita 5. Idan amsar ta gangaro kusa da 3, zobban za su cushe har a rasa inda za a zura na gaba. Idan ta wuce 4, saƙar za ta yi sako-sako, zanenta ya ɓace. Sandar saƙar ulu ta ƙarfe tana da daɗin aiki domin an rubuta kaurinta a jiki.

Wayar lantarki tana da laushi, zoben da aka yi da ita haka nan yana saurin buɗewa. A ɗaure kai ɗaya a ƙarfen taga, a kama ɗayan da filaya a ja da ƙarfi har a ji ta ɗan miƙe. Wannan yana miƙar da ita, ya kuma ƙara mata tauri. Kada a wuce gona da iri, tana sirancewa.

Sarƙar hannu mai santimita 18 da waya mai 1.13 tana cin zobe wajen 150. A yi 180 saboda waɗanda za su lalace. Kowane zobe yana cin kusan milimita 16, ke nan mita 3 na waya. A naɗa ta a jikin sanda, kowane zagaye manne da na baya, ba hawa kan juna, ba gibi. In an zo ƙarshe a saki a hankali, domin bakin wayar yana warwarewa da ƙarfi, yana iya tsaga yatsa.

Wajen yanka, zarto ya fi, domin yana barin bakuna biyu a shafe su haɗu ba tazara. A zare naɗin, a naɗe shi da salatif don kada ya watse, a shafa wa zarton kakin kyandir, a yanka a miƙe ta tsawonsa. Abin yanka waya yana barin gefe ɗaya da tsini. Mai amfani da shi sai ya bi bakunan da samfefa, ko sarƙar ta riƙa kama gashi da zaren riga.

Ba a buɗe zobe ta hanyar ja hagu da dama, yin haka yana ɓata da'irarsa har abada. A kama gefe da gefe da filaya biyu, bakin yana sama, a murɗa hannu ɗaya gaba, ɗaya baya. Wajen rufewa a dawo da shi ana ɗan matsawa ciki, a ɗan zarce kaɗan, a komo, har a ji bakunan sun goga juna. A shafa da farce: in ya maƙale, bai rufu ba.

Yanzu saƙa. A rufe zobe biyu, a ɗaura musu guntun zare don riƙewa. A zura biyu a cikinsu a rufe, a zura wasu biyu a cikin na biyun. An sami biyu-biyu jere uku. A riƙe na farko, a kifar da na ukun baya, ɗaya ta wannan gefe, ɗaya ta wancan. Sai a ware na biyun su buɗe baki. A tsakaninsu za a hango gefen na ukun sun leƙo. A zura sabon zobe ta cikin waɗannan biyun da suka leƙo, a rufe, a ƙara na biyu ta hanya ɗaya. Su ne makullin. Daga nan a ƙara biyu, a ƙara biyu, a kifar, a ware, a kulle da biyu, haka har tsawon ya cika. Kuskuren da ya fi yawa shi ne makulli ya kama ɗaya daga zobban da aka ware, sai a ga sarƙar ta karkace a wurin. A warware nan take, ba ta gyaruwa daga baya.

Maɗauri kuwa, a yanko santimita 4 na waya mai 1.38, a lanƙwasa ƙaramin ido a kai ɗaya da ƙugiya a ɗayan, a ɗan bubbuga ta da guduma a kan ƙarfe don ta yi tauri, a goge bakin. A haɗa idon da zobe biyu na ƙarshe, a sa zobe mai ɗan faɗi a ɗaya kan.

Jan ƙarfe yana duhu, kuma da zufa yana barin kore a fata, wanda sabulu ke wankewa. In ya dushe, a jiƙa shi minti biyu a ruwan lemun tsami da gishiri, a ɗauraye sosai, a busar da tsumma, a ajiye a leda mai rufewa. Wanda fatarsa ba ta jure shi sai ya koma wayar azurfa, da awo iri ɗaya.