Darasi na Huɗu: Saita Kwamfutar Gida Ta Dace da Mai Ita

Yawancin kwamfutocin da ke gidajenmu na hannu ne, an yi aiki da su a Turai ko Amurka kafin 'yan kasuwa su shigo da su, saboda haka sukan iso da saitin mutanen da suka fara mallakarsu: agogon garinsu, tsarin rubutunsu, da girman haruffan da ya yi wa idonsu daidai. Sabon mai kwamfuta yakan zauna da waɗannan abubuwa yadda ya same su, yana tsoron kada ya taɓa wani wuri ya ɓata na'urar da ya kashe kuɗi mai yawa a kanta. Wannan tsoro ba laifi ba ne, amma ba shi da tushe a kan abubuwan da za mu koya a nan, domin duk saitin da ke cikin wannan darasi ana iya mayar da shi yadda yake. Abin da nake roƙonku shi ne ku ajiye littafi da biro a kusa, ku rubuta yadda kuka tarar da abu kafin ku sauya shi, kuma ku riƙa sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, ku ga sakamakonsa, sannan ku wuce gaba.

Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta ita ce ke haɗa allo da madannai da linzami, wato ɗan abin da ake ja da hannu domin motsa kibiya a allo, da sauran manhajoji su yi aiki tare. Wadda ta fi yawa a hannun mutanenmu ita ce Windows ta kamfanin Microsoft, kuma iri biyu za ku fi cin karo da su: Windows 10 da ta fito a shekarar 2015, da Windows 11 da ta fito a 2021. A dukkansu, ɗakin gyare-gyare yana da suna Settings, alamarsa kuma wani ɗan zagaye ne mai haƙora kamar giyar keke. Hanya mafi sauƙi ta buɗe shi ita ce a danne madannin da ke ɗauke da hoton taga mai gida huɗu, wanda ke layin ƙasa ta hagu, sannan a taɓa harafin I. Sunayen da ke cikin ɗakin da Turanci aka rubuta su, don haka zan kawo su yadda suke a allo domin ku gane su da ido, ko da ba ku jin harshen.

Agogo da kwanan wata

Da agogo za a fara, domin kuskurensa yana jawo matsalolin da mutum ba zai taɓa zaton daga can suka fito ba. Idan kwanan watan kwamfuta ya yi nisa da na gaskiya, shafukan intanet da yawa, musamman na banki da na wasiƙun imel, za su ƙi buɗewa, su nuna gargaɗi cewa haɗin ba amintacce ba ne. Dalili shi ne kowane irin wannan shafi yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kwamfuta kuma da nata agogon take auna ko takardar tana aiki. Na taɓa ganin wani ɗalibi, tela ne, da ya sayi data har sau biyu yana zaton ita ce ta ƙare, ashe kwamfutarsa ce take ganin kanta a wata shekara da ta wuce tuntuni.

A cikin Settings ku nemi Time & language, sannan Date & time. Abu na farko shi ne yankin lokaci. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi duk suna gaban lokacin Girinwic, wato agogon GMT, da awa 1, kuma a jerin da kwamfuta za ta nuna muku sunan yankin shi ne West Central Africa, da UTC+01:00 a gabansa. Mazauna Gana lokacinsu daidai yake da na Girinwic, na Sudan kuma yana gaba da awa 2. Kada ku wadatu da gyara awa da hannu ku bar yankin yadda yake. Kwamfutar da ta zo daga Ingila tana iya ruɗin mutum, domin daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Landan daidai yake da na Kano da Damagaram, amma a ƙarshen Oktoba sai su mayar da nasu baya da awa 1, kwamfutar kuma ta bi su, mai ita ya wayi gari agogonsa ya makara ba tare da ya taɓa komai ba. Bayan an zaɓi yankin, sai a kunna Set time automatically domin ta riƙa daidaita kanta duk lokacin da ta samu intanet. Idan kuwa kun gyara amma kullum aka kashe ta aka kunna sai agogon ya sake rikicewa, to wani ɗan batir ne mai kama da kwabo a cikin cikinta ya mutu. A kwamfutar tebur yawanci lambarsa CR2032, ba shi da tsada, kuma mai gyara zai sauya shi cikin ɗan lokaci.

A nan kusa akwai wurin zaɓar ƙasa, wato Region. Muhimmancinsa shi ne tsarin rubuta kwanan wata. Amurkawa da wata suke farawa, mu kuwa da rana, saboda haka 3/4/2024 a wurinsu 4 ga Maris ne, a wurinmu 3 ga Afrilu. Mai rubuta bashin shago ko ranar karɓar ɗinki ya san irin rigimar da wannan bambanci zai haifar.

Madannai da haruffanmu masu ƙugiya

Wannan shi ne sashen da na fi so ku ba wa lokaci. Harafin da aka zana a kan madanni fenti ne kawai, babbar manhaja ce ke yanke abin da zai fito a allo idan an danna shi. Shi ya sa za ku ga mutum yana neman alamar @ domin rubuta adireshin imel, ya danne Shift da lamba 2 kamar yadda aka zana, sai alamar zance ta fito. Abin da ya faru shi ne madannan na Amurka ne, saitin kuma na Ingila, kuma waɗannan alamomi biyu sun yi musayar wuri a tsakanin tsare-tsaren biyu. A Nijar, inda kwamfutoci da yawa daga Faransa suke zuwa, layin haruffa na sama da A da Z yake farawa maimakon Q da W, don haka idan saitin bai dace ba, mutum zai danna A ya ga Q. Madannan lafiyarsu ƙalau a duk waɗannan halaye. Ku dubi kusurwar ƙasa ta dama kusa da agogo, idan akwai tsari fiye da ɗaya a kwamfutar za ku ga gajeren sunan harshen da ake rubutu da shi, kuma danne madannin taga tare da dogon madannin tazara yana sauyawa daga wannan tsari zuwa wancan.

Sai maganar ɓ da ɗ da ƙ. Mutane da yawa sun saba rubuta Hausa ba tare da su ba, suna cewa mai karatu zai gane. Wani lokaci yakan gane, amma baki daban yake da baƙi, kafa daban da ƙafa, kasa daban da ƙasa, kuma wanda ya sha wahala ya koyi karatu da girmansa shi ya fi kowa tuntuɓe idan aka bar masa kalma ba ƙugiya. Windows tana da tsarin madannai na Hausa, sai dai ba a kunne yake zuwa ba. A cikin Time & language ku shiga wurin harshe, ku latsa Add a language, ku rubuta Hausa a gurbin nema, ku zaɓe ta. Zai fi kyau a yi wannan lokacin da akwai intanet. Bayan an gama, ku sauya zuwa Hausa ta hanyar da na faɗa a sama, sannan ku danne madannin Alt na hannun dama, wanda a wasu kwamfutoci aka rubuta AltGr a kansa, ku taɓa b ko d ko k. Harafin zai fito da ƙugiyarsa. Idan babban baƙi ake so, sai a haɗa da Shift. Haka kuma Alt na dama da y yana ba da ƴ, wadda ake amfani da ita a rubutun Nijar, a inda Najeriya ke rubuta 'y. Kwana biyu na farko yatsa zai yi nauyi, daga baya ya saba.

Ido da hannu

Yawancinmu da muke wannan aji mun wuce shekarun da ido ke karanta ƙananan haruffa ba wahala, kuma babu dalilin da zai sa mutum ya riƙa kai fuskarsa jikin allo yana matse ido. A Windows 11 ku nemi Accessibility, a Windows 10 kuma Ease of Access, za ku tarar da wani layi mai ɗan maɓalli da ake ja zuwa dama domin ƙara girman rubutu, daga kashi 100 har zuwa 225. Akwai samfurin rubutu a samansa da ke girma yayin da kuke ja. Ku zauna yadda kuka saba zama, bayanku a jingine, ku ja har sai kun karanta samfurin ba tare da sunkuyawa ba, sannan ku latsa Apply. A wannan sashe ne kuma ake ƙara girman kibiyar linzami a sauya mata launi, abin da ke taimakon wanda kibiyar ke yawan ɓace masa a farin shafi. Bahago yana iya zuwa saitin linzami ya mayar da maɓallin dama ya zama babba. Mai aiki da dare ya kunna Night light a ƙarƙashin Display, wanda ke rage shuɗin hasken allo ya mayar da shi ja-ja kamar hasken fitilar ƙwai.

Hoton bango shi ne abin da kowa ke ɗokin sauyawa, kuma shi ne mafi sauƙi: a latsa maɓallin dama na linzami a fili a kan allo, a zaɓi Personalize, a ɗauko hoton da ake so. Ku zaɓi hoto marar hayaniya domin sunayen fayiloli su fito sarai a kansa. Idan kun tarar wurin a dushe ba ya latsuwa, kuma akwai rubutun Activate Windows a kusurwar allo, to manhajar ba ta da lasisi mai aiki, kuma wannan magana ce da za ku koma da ita wurin wanda ya sayar muku.

Data da wuta

An ƙera Windows da zaton cewa mai ita yana da intanet marar iyaka, don haka da zarar ta samu haɗi sai ta fara sauko da sabuntawa a ɓoye. Wanda ya jona kwamfuta da datar wayarsa yana iya ganin abin da ya saya na wata ya ƙare a yini guda. Maganin yana cikin Network & internet: ku shiga Wi-Fi, ku latsa sunan haɗin wayarku, ku kunna Metered connection. Wannan yana sanar da ita cewa datar a ƙidaye take, sai ta dakatar da yawancin manyan saukarwa. Sai dai ban yarda a bar kwamfuta ba sabuntawa har abada ba, domin da ita ake toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi. Ku ware rana, ko sau ɗaya a wata, ku sayi datar dare mai rahusa ko ku je inda akwai intanet mai yalwa, ku bar ta ta sabunta, kuma ku tabbata akwai caji ko janareto kafin a fara, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar sabuntawa tana iya hana kwamfutar tebur tashi. Masu Windows 10 su sani cewa Microsoft ya daina ba ta sabuntawar tsaro ta yau da kullum tun ranar 14 ga Oktoba 2025, saboda haka ku tambayi mai gyara ko na'urarku za ta ɗauki Windows 11.

Game da batir, hasken allo ne ke cin kaso mai yawa, rage shi kaɗan yana ƙara muku lokacin aiki. A saitin wuta ku sa allo ya mutu bayan minti 5 idan ba a taɓa shi ba. Ku kuma tuna cewa rufe murfin laftof barci kawai yake sa ta, tana ci gaba da shan caji kaɗan-kaɗan, don haka idan za ta kwana biyu a ajiye, a kashe ta gaba ɗaya.

Kwamfuta ɗaya, mutane da yawa

A gidan da maigida da uwargida da yara ke aiki da na'ura ɗaya, ya kamata kowa ya samu nasa asusun, wanda ake buɗewa a ƙarƙashin Accounts. Kowane asusu yana riƙe da nasa fayiloli da hoton bango da girman rubutu, ta yadda ƙara girman haruffa da Baba ya yi ba zai dami ɗansa ba. Asusu iri biyu ne: na mai iko, wanda ke iya saka manhaja da cire ta, da na gama-gari, wanda ba ya iya yin haka sai an sa lambar mai iko. Yara na gama-gari ya dace da su, domin gurɓatattun manhajoji sukan shiga ta hanyar wasannin da suke saukewa. Ku sa wa asusunku lambar sirri da ba ta gaza lambobi 4 ba, kada ta zama shekarar haihuwarku ko 1234, ku rubuta ta a littafin da ke ajiye a wani wuri dabam da kwamfutar. Idan za ku tashi zuwa salla ko wani uzuri, madannin taga da harafin L yana kulle allo nan take.

Aikin gida

Kafin zama na gaba, kowa ya duba yankin lokacin kwamfutarsa ya rubuta abin da ya tarar da abin da ya mayar da shi. Sannan ya kunna madannan Hausa, ya buɗe shafin rubutu, ya rubuta wannan jimla sau 3 da ƙugiyoyinta cikakku: "Ɗan baƙo ya ɓoye ƙwarya a ɗaki." Wanda harafi ya ƙi fito masa ya zo da kwamfutar aji, ko ya ɗauki hoton madannanta da waya ya kawo mu duba tare.