Kurakuran da Masu Sabon Kwikwiyo Ke Ta Maimaitawa

Da zarar sata ta yi yawa a unguwa, sai ka ga mutane sun bazama neman kwikwiyo. Wannan ya sayo ɗan Alsashiyan da kuɗi masu kauri, wancan ya karɓo na gida a hannun wani mafarauci. Kafin a yi wata huɗu ƙorafin ya zama iri ɗaya: ba ya jin magana, ya cika tsakar gida da kashi, ya yayyaga takalman yara, in an kira shi gudu yake yi. Na gaji da jin ana ɗora wa dabba laifin da na mai ita ne. Abin da zan faɗa a nan yadda ni nake yi ne a gidana, wani mai kiwon yana iya samun tasa hanyar.

Tun wurin saye ake fara ɓata lamarin. Dillali zai miƙo maka kwikwiyo ɗan sati huɗu ko biyar, ya ce ai ya fara lasar koko, ya isa rabuwa da uwa. Bai isa ba. Ka bar shi sai ya cika sati 8. A wajen uwarsa da 'yan'uwansa yake koyon iyakar cizo: in ya danna haƙori da ƙarfi ɗan'uwan ya yi ƙara ya bar wasan, shi kuma ya gane ya wuce gona da iri. Wanda aka raba da wuri, a hannun 'ya'yanka zai yi wannan karatun.

Babban kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne dukan kwikwiyo saboda kashi ko fitsari. Mutum ya tashi da safe ya tarar an ɓata ƙofar ɗaki, sai ya jawo ɗan abin nan ta wuya, ya dangwara masa hanci a cikin ƙazantar, ya bi shi da tsumagiya, wai don ya san ya yi laifi. Wallahi bai san komai ba. Kare yana haɗa abin da ya aikata ne da abin da ya biyo baya nan take, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Kashin da ya yi tun asuba, ka zo da hantsi kana dukansa a kai, abin da ya shiga kansa kawai shi ne in maigida ya fito akwai wahala. Daidai yake da ka mari jariri don ya jiƙa zanen goyo.

Za ka ce mini ai da ka shigo ya kwantar da kunnuwa ya sunkuyar da kai, alamar ya san abin da ya yi. Wata mai bincike a Amurka, Alexandra Horowitz, ta gwada wannan a 2009. An hana karnuka cin wani abinci, masu su suka fita, wasu karnukan suka ci wasu ba su ci ba, kuma ba kullum ake gaya wa masu su gaskiyar abin da ya faru ba. Sai aka ga wannan sunkuyar da kai tana bin faɗan da aka yi wa kare ne, ko ya ci ko bai ci ba. Fuskarka da muryarka yake karantawa, tsoro ne kawai.

Ga kuma abin da dukan ke haifarwa. Kwikwiyon da aka daka saboda kashi yakan ɗauka cewa yin kashi a gaban mutum ne haɗari. Sai ya koma laɓewa: bayan randa, ƙarƙashin mota, lungun kicin. Ka kai shi inda kake so ya yi, ya tsaya yana kallonka ya ƙi, kana juya baya ya je ya yi a ɓoye. Da hannunka ka mai da aikin sati biyu ya zama na wata shida.

Yawancinmu ba a ɗaki muke ajiye kare ba, don haka aikin ya fi sauƙi: wuri ɗaya za ka koya masa a cikin gidan. Ni lungu nake zaɓa can bayan gida, nesa da madafa da wurin alwala, in zuba yashi. Sai in riƙa kai shi da kaina da ya farka daga barci, bayan ya ci abinci da kamar minti goma zuwa sha biyar, bayan wasa, da kuma kafin a kwanta. Kwikwiyo ɗan wata biyu ba ya iya riƙe fitsari fiye da kamar awa biyu da rana. Kusan awa ɗaya ake lissafa wa kowane wata na haihuwarsa. In mun je sai in tsaya shiru, ba wasa ba magana. Yana gamawa, a wurin, kafin ya ɗaga ƙafa ya bar yashin, nake yaba masa in ba shi ɗan guntun dafaffiyar hanta da bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. In ka bari sai kun dawo tsakar gida, ladan dawowa ka ba shi. In na kama shi yana cikin yi a inda bai dace ba, tafi ɗaya nake yi, in ɗauke shi zuwa lungunsa. In kuwa na tarar an riga an yi, ba na ce masa uffan. In kwashe, in wanke da sabulu sosai, in yayyafa ruwan khal, domin hancinsa yana jin abin da naka ba ya ji, kuma warin da ya rage shi ke kiransa ya sake.

Wannan ba ya tafiya sai abinci yana da lokaci. Masu cika kwano su bar shi yini guda ba za su taɓa sanin yaushe cikin zai motsa ba. Sau uku ko huɗu a rana ga ƙarami, in ya ci a ɗauke kwanon. Ruwa ne kawai ba a ɗaukewa.

Ɗan'uwan kuskuren dukan kwikwiyo shi ne ka kira kare da sunansa, ya zo, ka dake shi. Ka gaya mini, gobe don me zai zo? Kalmar "zo" ita ce mafi tsada a duk abin da za ka koya masa, ita za ta tsayar da shi ran da ya nufi titi ko ya bi ɗan mutane. Ko me ya yi, in ka kira ya amsa, alheri ya kamata ya tarar. In wanka za ka yi masa ko ɗauri, abin da ba ya so, je ka same shi, kada ka ɓata kiran.

Yanzu ga wanda na ɗanɗana kuɗarsa. Akwai wata muguwar shawara da ke yawo a bakin dillalai da masu gadi: in kana son kare ya yi zafi, kulle shi a keji tun yana ƙarami, kada ya ga kowa sai mai ba shi abinci, a rufe kejin da buhu, wasu har barkono suke barbaɗa masa a tuwo. Na taɓa bin wannan shawarar a kan wani kwikwiyo, ruwa biyu ne, uban Alsashiyan uwar ta gida. Lafiyayye, mai kaifin hankali. Ya girma a cikin duhu, ba ya ganin komai sai ƙafafun mutane ta ƙasan buhu. Ran da wani yaro ya manta bai sa sakata ba, aka aiko ɗan maƙwabcina ya kawo saƙo, yaron da bai fi shekara bakwai ba. Karen bai yi haushi ba, bai yi gargaɗi ba, ya kama shi a cinya. Kuɗin allurai da ɗinki ba su ne suka dame ni ba. Zaman da aka yi a gaban mai unguwa, da idon uban yaron wanda muke sahu ɗaya a masallaci, da yadda yaron ya daina bi ta layinmu, su ne har yau ba su bar ni ba. Karen kuma dole ya bar gidan, alhali ba shi ya zaɓi a rene shi haka ba.

Ku ji ni da kyau, masu wannan ɗabi'a: abin da kuke kira zafi, tsoro ne. Daga kamar sati 3 zuwa sati 14 na rayuwarsa ne ƙwaƙwalwar kwikwiyo ke karɓar abubuwan duniya a matsayin ruwan dare. Abin da bai gani ba a wannan tsakanin, daga baya da zargi zai dube shi. Karen da bai taɓa ganin yaro yana gudu ba, bai san mace da hijabi ba, bai san tsoho da sanda ba, ta yaya zai bambance ɓarawo da baƙo? Kowa abokin gaba ne a wurinsa. Kuma matsoracin kare, in ɓarawon gaske ya zo da gora ya daka masa tsawa, sau da yawa shi ne na farkon shigewa ƙarƙashin mota. Kun zalunci dabba, kun jefa 'ya'yan maƙwabta cikin haɗari, gadin ma ba ku samu ba. Wanda ya ɗaure rai, Allah zai tambaye shi yadda ya riƙe shi.

Abin da nake yi yanzu shi ne in ɗauko kwikwiyo in zauna da shi a ƙofar gida da yamma. Ya ga mai babur, ya ga mai kurar ruwa, ya ga awaki da kaji, ya ji ƙarar janareto da ta injin markaɗe, yara su zo ɗaya bayan ɗaya su miƙa masa abin ci a tafin hannu ina tsaye. In ya firgita da wani abu ba na tura shi, sai in ja da shi baya har inda ya natsu. Gadi kuwa ba sai ka koya masa ba. In ya kai shekara ɗaya zuwa biyu, da kansa zai san iyakar gidansa, kuma wanda ya saba da mutane shi ke gane wanda take-takensa ba su yi kama da na mutanen kirki ba.

Sai dai kafin ya gama alluransa, a hannu ko a kan tabarma nake riƙe shi, ba ya taka inda karnukan layi ke yawo. Cutar fabo, mai sa amai da zawon jini, tana kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki, kuma ƙwayarta tana daɗewa a ƙasa wata da watanni. Ana fara rigakafinta daga sati 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa har wajen sati 16. Ta haukan kare kuma a wata 3, sannan a riƙa sabuntawa yadda likitan dabbobi ya tsara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom kusa da Jos tana yin wannan allurar. Ka adana katin allurar. Ran da tsautsayi ya faɗa, shi za a fara tambayarka. Wanda aka ciza kuma a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar, kada a tsaya shafa gashin kare ko wani abu.

Sauran ƙanana ne, amma suna taruwa. Maigida ya ce "zauna", uwargida ta ce "kwanta", yaro ya faɗa da Turanci, duk abu ɗaya ake nufi. Ku zauna ku tsayar da kalma ɗaya. Kada ka maimaita umarni sau biyar, zai koyi cewa sai na biyar ake amsawa. Darasi minti biyar ya isa, sau biyu ko uku a rana, kafin cin abinci lokacin da yake marmarin abin hannunka. Tsire da kilishi ba abin lada ba ne, yaji da albasa suna cutar da shi, albasa ma jini take lalata masa. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya huda hanji. Kada ka ja shi a kan kwalta da tsakar rana a watan Afrilu. Ɗora bayan hannunka a ƙasa, in ba ka iya jurewa shi ma tafinsa ba zai iya ba. Tauna takalmi kuma ba iskanci ba ne, haƙora yake sakewa tsakanin wata 4 zuwa 6. Ba shi igiya mai kauri da aka ƙulla, a kwashe takalma daga ƙofa.

Tsalle a jikin mutane ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin a gidajenmu shi ke sa a tsani kare. Yana ƙarami kowa na dariya in ya ɗafe ƙafa. Ya girma, mutum ya yi wanka ya sa fararen kaya zai tafi Juma'a, kare ya dafa shi da taɓo da yawu, daga ranar an yanke masa hukuncin sarƙa. Tun ran gini ran zane. In ya yi tsalle, juya masa baya, kada ka ture shi da hannu domin a wurinsa turewar ma wasa ce. Ƙafafunsa huɗu na sauka ƙasa, ka ce "zauna". Koyar da zaman ba wuya: riƙe abin ci a saitin hancinsa, ka ɗaga a hankali zuwa bayan kansa, gindinsa zai sauka da kansa, yana taɓa ƙasa ka ba shi. Kowa a gidan sai ya bi wannan, har baƙi, in ba haka ba mutum ɗaya mai son wasa zai rushe aikin kowa.

In kuwa karenka ya riga ya girma, yana gurnani in an matso kwanonsa ko ya taɓa kai wa wani hari, rubutu irin wannan bai isa ba. Fara kai shi wurin likitan dabbobi, domin ciwon kunne ko na haƙori ko kaska da ta cika jiki suna sa kare faɗa. Kada kuma ka dake shi don ya yi gurnani. In ka kashe gargaɗin, cizon zai zo ba sallama. In za ka ba mai horarwa, ka ce sai ka ga yadda yake aiki da wani karen tukuna. Ka dubi karnukan da ke hannunsa: suna zuwa wurinsa da wutsiya a sake, ko suna rarrafe da ciki? In ka ga bulala a rataye ko sarƙar shaƙe wuya, ɗauki karenka ka koma gida.