Shirya doki don hawan Sallah: aikin da ake farawa tun saura mako shida

Dokin da ya yi watanni a turke, ba a fita kilisa da shi sai jefi-jefi, shi ne ake ɗura wa gero idan Sallah ta matso, a lafta masa kaya, a ce ya yi sukuwa a gaban Sarki. Dawaki da yawa da ke kwanciya bayan hawa, a Zariya ko a cikin garin Kaduna, daga nan ciwonsu yake farowa. Shiri na gaskiya mako shida yake ci.

Fara da sanin dokinka yana lafiya. Zafin jikinsa, idan an auna ta dubura, yana tsakanin 37.5 da 38.5 a ma'aunin Salshiyas. Bugun zuciya 28 zuwa 44 a minti ɗaya yana hutawa, ana jin sa da yatsa a jijiyar da ke ƙarƙashin muƙamuƙi. Numfashi 8 zuwa 16. Ɗaga leɓensa ka danna dasashi: ya kamata jan ya dawo cikin daƙiƙa biyu. Dasashin da ya koma rawaya, ga zazzaɓi, ga fitsari mai duhu, yakan nuna cutar jini da kaska ke sawa. Idan kuma yana ramewa alhali yana ci, musamman wanda aka kawo daga wajen kurmi, a gwada jininsa ko sammore ne. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya yana irin wannan gwaji.

A makon farko ake ba da maganin tsutsar ciki, gwargwadon nauyi, ba da ka ba. Auna kewayen ƙirjinsa da santimita, ka ninka shi da kansa, ka ninka da tsawonsa daga kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, ka raba da 11,900, abin da ya fito shi ne kilo. Allurar rigakafin tetanus, ciwon sandarewar jiki da ke shiga ta rauni, ita ma yanzu ne lokacinta, domin wanda bai taɓa samu ba sau biyu ake yi masa, da tazarar mako huɗu zuwa shida. Wajen kaska kuwa a yi hattara: maganin wankan shanu mai sinadarin amitraz guba ne ga doki, yana tsayar masa da hanji. A karanta jikin kwalbar kafin a zuba a bokiti.

Abinci shi ne inda aka fi yin ɓarna. Tumbin doki ƙarami ne, bai wuce lita 15 ba, kuma doki ba ya amai. Abin da ya shiga sai ya bi ta baya. Don haka ciyawa ce tushen abincinsa, hatsi ƙari ne. Doki mai kilo 350 yana buƙatar ingirici da harawa kilo 5 zuwa 7 a rana. Gero ko dawa da dusa kada su wuce kilo ɗaya da rabi a ci ɗaya, a raba sau biyu ko uku, a jiƙa dusar don kada ta shaƙe shi. Duk canji, ko ƙarin hatsi ne ko komawa ɗanyar ciyawa da faɗuwar damina, a yi shi kaɗan-kaɗan cikin kwana 7 zuwa 10. Hatsin da aka antaya lokaci guda yana ruɓewa a hanji, ya kawo kumburin ciki, ko ya sauka a kofato: ka ga doki ya tura ƙafafun gaba, ya jingina nauyinsa a na baya, kofaton da zafi. Wannan ciwon yakan nakasa doki har abada.

Harawar da ta yi fumfuna a zubar da ita, ko nawa aka saye ta. Kada a zuba abinci a kan yashi, kada a bar leda a barga, kuma kada abincin kaji ya kusanci komin doki, don wani ana haɗa shi da maganin monensin, wanda ɗan kaɗan ya isa ya kashe doki. Ruwa lita 25 zuwa 45 a rana, a zafin Maris da Afrilu ya fi haka. Da hunturu doki yana rage sha ga kuma busasshen abinci, shi ya sa kashi ke ƙullewa. Gishiri cokali biyu a dusa yana sa shi sha. Kanwa ɗan kaɗan ta isa, idan ta yi yawa zawo take sawa.

Kilisa kullum, da sassafe ko bayan la'asar. Mako biyun farko tafiya kawai, minti 20 har ta kai 45. Mako na uku da na huɗu a sa sassarfa. Sukuwa sai makonni biyun ƙarshe, gajera, a ƙasa mai laushi, ba a kan kwalta ba. Ranar da bai fita ba, sai a rage hatsi da rabi. Dokin da ya huta da cikakken hatsi sannan aka zabure shi, naman cinyarsa yakan sandare, ya kasa ɗaga ƙafa, fitsarinsa ya yi baƙi. Idan haka ta faru kada a tilasta masa tafiya.

A gyara kofato saura mako biyu, ba jajibiri ba. A ɗaura sirdin hawan tun a kilisa, a duba bayan kowace fita: inda gashi ya murje ko ya kumbura, nan miki zai fito.

Abin da ake kira tutsu, sau da yawa tsoro ne ko ciwo. Doki ba ya ganin abin da ke daidai bayansa, don haka a yi masa magana kafin a matso, a zo ta kafaɗa. Kunne a kwance baya gargaɗi ne, harbi ko cizo na tafe. Yadda yake koyo kuma ɗaya ne: ka ja linzami a hankali, da ya ba da kai ka saki nan take. Sakin shi ne ladansa. Linzaminmu na gargajiya yana da kaifi, mai riƙe shi a ɗame kullum zai ƙare da doki mai tsagaggen baki da ba ya jin ja. Ƙarar bindiga, kakaki da tambari a saba masa da su daga nesa, yana tsaye yana cin harawa. In ya natsu a matso gobe, in ya firgita a koma baya. Bulala a lokacin firgita tana tabbatar masa cewa ƙarar ce ke kawo zafi.

Ranar hawa a ba shi ciyawa da ruwa, hatsi kuwa aƙalla awa uku kafin a hau. A ja majanyi a matakai, a sassauta shi lokacin jira. Da an sauka a cire kaya, a zuba masa ruwa a wuya, ƙirji da tsakanin cinyoyi, a zaga da shi har numfashi ya daidaita. Ya sha ruwa rabin bokiti, a dakata, a ƙara. Hatsi sai bayan awa ɗaya.

Daren nan da washegari a sa ido. Idan ya ƙi ci, yana tonon ƙasa, yana waiwayen cikinsa, yana kwanciya yana tashi, ko ba kashi a barga, ciwon ciki ne. A kwashe abinci, a ɗan zaga da shi in zai iya, a ƙirga bugun zuciya, a kira likitan dabbobi. Bugun da ya haura 60, ko dasashi ya yi ja wur ko shuɗi-shuɗi, ba a jiran gari ya waye. Kada a ɗaga kansa a ɗura masa mai ko jiƙo ta baki ko ta hanci, don yana iya faɗawa huhu. Allurar kashe zafi ma a bari likita ya gan shi tukuna, in kuma an riga an yi, a faɗa masa sunanta, yawanta da lokacin da aka yi ta.