Yadda za a yi amfani da kuɗin fito a tayar da masaƙunmu

Da farko a bambance abin da za a ɗora wa haraji. Atamfa da shadda da aka gama saƙawa a waje, su za a tsawwala wa kuɗin fito, amma injin saƙa da rini da kayan gyara a bar su su shigo da sauƙi, in ba haka ba kai da kanka ka shaƙe masana'antar.

Sai boda. Najeriya ta rufe ta a Agustan 2019 har Disambar 2020, kaya dai ba su fasa bin daji ta Maraɗi da Jibiya ba, don haka in harajin ya yi tsauri sosai 'yan fasa-ƙwauri ka yi wa kasuwa, ka shiga Kantin Kwari ka duba dilolin atamfar China sai ka gane nufina.

Wuta kuma ita ce babbar magana wallahi, masaƙa a Kakuri ta Kaduna ko Sharaɗa ta Kano da ke kwana kan janareta da dizal ba ta iya gasa da kowa, ko nawa kwastam suka caza. Sai batun auduga, a haɗa manomin Funtuwa da masaƙa kai tsaye.

Kuma a sa wa wannan kariya ta kuɗin fito wa'adi, kamar shekara biyar, ana rage harajin a hankali.