Yadda mai jinyar sankarar mama za ta zaɓi bitamin D idan ta ga waken suya a jikin kwalba

Da wuya a sami mai jinyar sankarar mama a Kebbi da ba ta taɓa jin gargaɗin nan ba, ko a layin ganin likita ko a WhatsApp: a guji waken suya, wai yana ciyar da ciwon. Sai ga likita ya rubuta bitamin D, an aiki yaro famasi a Birnin Kebbi ko Jega ya sayo, an juya kwalba an ga "soybean oil" ko "contains soy". Daga nan wata za ta tura kwalbar ƙarƙashin gado, ba za ta sha ba, ba kuma za ta gaya wa likita ba. Wannan shirun shi ne yake damuna. Man waken suyan da ke cikin kafson ba shi ne abin tsoro ba. Akwai wasu abubuwa a jikin kwalbar da suka fi shi cancantar a tsaya a kansu, kuma su ne ido yake tsallakewa.

Mataki na farko: ki san irin ciwonki da sunan maganinki

Sankarar mama ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda sinadarin mata na cikin jiki, wato istirojin, yake sa ta girma, akwai wadda ba ruwanta da shi. Ana gane haka ne daga tsokar da aka yanka aka kai gwaji. Ki duba takardar sakamakon: idan an rubuta ER ko PR da alamar tarawa a gabansu, ko sun zo da kalmar "positive", to naki yana cikin masu jin istirojin. Idan ba a taɓa yi miki bayani ba, ki tambaya kai tsaye: "Likita, don Allah nawa irin mai jin sinadarin mata ne?" Haƙƙinki ne, ko a asibitin koyarwa na tarayya da ke Birnin Kebbi ake ganinki, ko a Sir Yahaya, ko an tura ki asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

Sai sunan ƙwayar da kike sha kullum. Tamoxifen, wadda aka saba bayarwa miligiram 20 a rana tsawon shekara 5 zuwa 10, tana tare istirojin ne kada ya isa ga ƙwayoyin ciwon. Letrozole da anastrozole da exemestane kuwa, waɗanda aka fi ba matan da suka daina al'ada, hana jiki samar da istirojin ɗin suke yi. To istirojin shi ne ke riƙe wa mace ƙarfin ƙashi. Idan ya yi ƙasa sosai, ƙashi yana zaizayewa a hankali ba tare da ciwo ba, sai ranar da aka zame a bakin rijiya ko a banɗaki ƙugu ko wuyan hannu ya karye. Dalilin da ya sa likita yake haɗa miki da bitamin D, sau da yawa har da kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, ke nan: bitamin D ne ke sa hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci. Ba maganin sankara ba ne, kada wani mai talla ya sayar miki da shi a kan haka. Amma wadda ta ƙi sha saboda tsoron waken suya ta bar ƙashinta babu kariya.

Mataki na biyu: ki juya kwalbar, ki karanta ƙananan rubutu

Idan idonki ba ya ganin ƙanana ko ba ki karanta boko, ɗiyarki ko maigida ya karanta miki a bayyane. Abin da kuke nema shi ne wace siffa ta waken suya aka sa, domin ba duka ne ɗaya ba.

Abin da ya jawo maganar tun asali wani sinadari ne a cikin waken da ake kira aisofilabon. Ƙirarsa ta yi kama da ta istirojin, amma ƙarfinsa bai kama ƙafar na jiki ba. Tambayar ita ce, yana cikin kafson ko ba ya ciki? Duk matar da ta taɓa matsar gyaɗa ta san mai yana fita gefe guda, tunkuza ta tsaya gefe guda. Haka waken suya yake idan aka tatse shi: aisofilabon yana zama ne a cikin tunkuzar, ba ya bin mai. Man waken suya da aka tace a masana'anta kusan babu komai na wannan sinadari a cikinsa. Dalilin sa shi a kafso kuwa shi ne bitamin D ba ya narkewa a ruwa, sai a maiƙo, kuma man waken suya yana da araha. Ɗigo kaɗan ne ma a kowane kafso. Wani man girkin da ake sayarwa a galan a kasuwa na waken suya ne tsantsa, kuma cokali ɗaya da aka zuba a miya ya ninka abin da ke cikin kafson sau da yawa.

Haka zancen "soy lecithin" yake. Wani ɓangare ne na man, ana sa shi don haɗin ya kama jikinsa, kuma yana cikin madarar gari da cakulan da biskit da yawa. Idan waɗannan biyun kaɗai kika gani, ki sha maganinki hankali kwance.

Inda za ki dakata shi ne idan kika ga "isoflavones", "soy extract", "genistein", "daidzein", "ipriflavone" ko "red clover". Ba a cika samun waɗannan a bitamin D zalla ba. Maɓoyarsu ita ce haɗe-haɗen da ake yi wa laƙabi da "menopause support" ko "women's bone formula", masu hoton mace tana murmushi a kwali, waɗanda ake cewa suna rage jin zafi da gumin dare na daina al'ada. Tamoxifen da letrozole suna kawo irin wannan zafin jiki, shi ya sa mai jinya take saurin karɓar su idan wata ta yi mata tayi. A cikinsu an tattara aisofilabon an dunƙule a ƙwaya guda, wata tana ɗauke da miligiram 40 zuwa 80 ko fiye, kuma ba a yi binciken da ya isa a ce ba su da illa ga mai irin ciwonki ba. Likitocin sankara suna ba da shawarar a bar su, ni ma abin da zan ce ke nan. Idan kika ga "DHEA" kuwa, ko kusa kada ki je, domin jiki yana iya mayar da shi istirojin. Haka "St John's wort", yana rage ƙarfin magunguna da dama, har da tamoxifen.

Mace ɗaya ce take da dalilin guje wa komai na waken suya: wadda jikinta ba ya karɓarsa, in ta ci sai ƙaiƙayi da borin jini ko kumburin leɓe. Wannan matsala ce daban da sankara. Ita sai ta nemi wanda aka yi da man zaitun ko man kwakwa, ko busasshiyar ƙwaya, ta kuma gaya wa mai famasi. Ko ba ki da wannan matsalar, idan zuciyarki ta ƙi kwanciya, ki sayi marar waken suya ki huta. Aikinsu ɗaya ne, kuma wanda za ki riƙa sha ya fi wanda za ki ɓoye.

Mataki na uku: lambar da ke gaban kwalba

A ganina nan ne haɗarin gaske yake. Za ki ga lamba da haruffan IU, ma'aunin yawan bitamin ɗin, a gefenta: 400, 1,000, 5,000, har 50,000, kuma kafson duka kusan girmansu ɗaya. Wasu kamfanoni da maikurogiram suke rubutawa. Maikurogiram 1 daidai yake da IU 40, don haka 25 shi ne IU 1,000. Abin da baligi yake buƙata a rana IU 600 ne, wanda ya haura shekara 70 kuma IU 800. Likita yana iya ɗara haka ga mai shan letrozole ko wadda gwaji ya nuna nata ya yi ƙasa. Amma iyakar da ba a so mutum ya wuce da kansa ita ce IU 4,000 a rana. Mai 50,000 ɗin nan sau ɗaya a mako ake shan sa, na wasu makonni da likita zai ƙayyade, ba kullum ba. Bitamin D yana taruwa a kitsen jiki, ba ya fita da fitsari kamar bitamin C, kuma idan ya yi yawa sai kalsiyam ya hau a jini ya taɓa ƙoda.

Wannan ya fi shafar wadda ciwon ya riga ya kai ga ƙashi, domin ita ko ba ta sha komai ba kalsiyam ɗinta yana iya hawa. Ita da mai tsakuwar ƙoda ko ciwon ƙoda, kada su fara bitamin D ko kalsiyam sai an auna jini. Gwajin bitamin D sunansa "25-hydroxy vitamin D", kuma likitoci da yawa suna ɗaukar ƙasa da 20 a ma'aunin ng/mL a matsayin ƙaranci. Yana da ɗan tsada. Idan aljihu bai kai ba, ki faɗa wa likita, gwajin kalsiyam da na ƙoda sun fi sauƙin samu. Ki kuma haɗa lissafi: idan kina shan maltibitamin ko ƙwayar kalsiyam, akasari akwai bitamin D a cikinsu, sai a tara duka.

Mataki na huɗu: inda za ki saya da yadda za ki ajiye

Ki saya a famasi mai rajista, ba a hannun masu tallar magani a tasha ko ranar kasuwa ba, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ɓawon kafso mai taushi da jelatin ake yin sa, wani daga shanu wani daga alade, kuma ba kowane kamfani ke bayyanawa ba. Idan wannan ya dame ki, ki nemi mai tambarin halal, ko busasshiyar ƙwaya, ko na ɗigawa. Shi kansa bitamin ɗin, nau'in da ake rubutawa D3 a kwalba, akasari daga maiƙon gashin tumaki ake samo shi.

Zafin Maris da Afrilu a Birnin Kebbi yana haura digiri 40, kafso kuwa narkewa yake ya manne da juna, man ciki ya yi wari. Kada a bar shi a mota, ko a taga, ko a ɗakin girki. Ki nemi wuri mafi sanyi a ɗaki, inda yara ba sa kaiwa.

Mataki na biyar: shan sa, da zancen awara

Ki sha bayan abinci mai ɗan maiƙo, ya fi shiga jiki. Da azumi, bayan buɗa-baki. Ki ci gaba da tamoxifen ko letrozole ɗinki yadda aka tsara, bitamin D ba ya hana su aiki.

Awara fa? Tsoron ya samo asali ne daga gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye, inda aka ba su aisofilabon mai yawa ƙarin ya girma. Amma jikin ɓera ba ya sarrafa sinadarin yadda na mutum yake yi. Da aka bi mata masu sankarar mama kusan 5,000 a birnin Shanghai na ƙasar Sin, binciken da aka fitar a 2009, sai aka ga waɗanda suka fi cin abincin waken suya ciwon bai fi dawo musu ba, har ma ya ɗan ragu, ciki har da masu shan tamoxifen. A 2012 an haɗa bayanan mata sama da 9,500 daga Sin da Amurka, aka sami kusan haka. Wannan bai mayar da awara magani ba, domin bin diddigin abin da mutane ke ci aka yi kawai. Amma ya isa ya sa manyan ƙungiyoyin yaƙi da sankara na Amurka suka ce cin abincin waken suya daidai misali, sau ɗaya ko biyu a rana, babu laifi. Wannan yana da nauyi a wajenmu. Mace ta fito daga kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara, ta rame, nama da kifi sun yi tsada, sannan a hana ta awara da madarar waken suya, abin gina jiki mafi araha a unguwa? Ki ci, sai dai a rage soyawa cikin mai da yawa, domin ƙiba bayan daina al'ada tana ƙara istirojin a jiki, kuma wannan an tabbatar da shi.

Rana ma tana da nata rabo. Muna da ita har ta yi yawa, amma baƙar fata tana buƙatar lokaci mai tsawo kafin ta samar da bitamin D, jinya kuma tana zaunar da mutum a ɗaki. Ɗan zama a tsakar gida da hantsi, hannuwa da ƙafafu a buɗe, yana taimakawa, tare da ƙwai da hanta da kifi mai maiƙo irin su titus da sadin. Wurin da aka gasa da na'urar asibiti don kashe ciwon dai a rufe shi daga rana, kuma mai karɓar kemo ta fara tambaya, don wasu magungunan suna sa fata saurin ƙonewa.

Ranar komawa asibiti ki zuba duk abin da kike sha a leda ki tafi da shi, har da na gargajiya da wanda 'yar'uwa ta kawo tsaraba daga Saudiyya, ki ajiye a gaban likita. Idan kuma kafin ranar kika fara jin ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari, tashin zuciya, bayan gida ya yi tauri, ko 'yan gida suka ga kina rikicewa a magana, ki dakatar da bitamin D da kalsiyam nan take. Kada ki jira ranar da aka ba ki, ko kina Zuru ko Yawuri ko Kamba. Ki je babban asibiti mafi kusa, ki nuna musu katin jinyarki, ki roƙi a auna kalsiyam ɗin jininki a ranar.